Amsar tambayar Kawu kan duwatsun sama

Kawu ina gaisuwa, ya Zariya ya mutanen Samaru. Kun ce wai me ya sa mu Hausawan birnin Hiyuston na Amurka in mun taru gidan suna ko bayan Juma'a sai a ɓarke da hirar duwatsun da ke faɗowa daga sama kamar ba mu da aikin yi. To garin ne ya jawo, cibiyar Johnson ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a nan take, cikinmu kuma akwai waɗanda suka karanta ilimin duwatsu a ABU suka zo aikin mai, ga yara da makaranta ke kai su can su dawo su ishe mu da tambaya.

Abin da ya fi ta da hirar shi ne ƙurar da kumbon OSIRIS-REx ya ɗebo daga Bennu, wani dutse mai yawo a sararin samaniya, aka sauko da ita hamadar jihar Yuta ta Amurka ranar 24 ga Satumba 2023, giram 121.6 kacal. Da aka duba sai ga gishiri sai ga kanwa. Eh Kawu kanwa, irin wadda matanmu ke sa a kawo masu daga gida don miyar kuka, ranar da labarin ya fito su suka fi kowa dariya.

Yadda abin ya faru shi ne, shekara sama da biliyan 4.5 da suka wuce uwar dutsen nan, wato babban dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinsa, ta haɗu ne daga ƙura da ƙanƙara a cakuɗe, a ciki akwai wani nau'in alminiyom da ke ruɓewa yana fid da zafi, rabinsa kan ƙare cikin shekara wajen 700,000, zafin nan ya narkar da ƙanƙarar, ruwan ya bi ta cikin dutsen yana cin ma'adinai irin su olibin har suka koma yumɓu, ƙarfen ciki wani ya zama magnetayit, wani baƙin ma'adini mai maganaɗisu, shi kuma ruwan ya kwashi sodiyom da kalshiyom da magneziyom ya zama ruwan zartsi. Da ya fara ƙafewa sai kowane gishiri ya kwanta a lokacinsa, na kalshiyom da fari, kanwa daga baya, gishirin miya can ƙarshe. Wani ruwan ma bai tafi ko'ina ba, yana ɗaure cikin yumɓun har yau.

Shi ya sa a nan ko yaro ya san in irin dutsen nan ya faɗo ba a wanke shi ba a taɓa shi da hannu, gumi ko yayyafi kaɗan ya isa ya narkar da gishirin shaidar ta tafi. Na Bennu ma cikin akwatin iskar nitirojin ake ajiye shi. Wanda ya faɗo Winchcombe a Ingila a 2021 darajarsa ita ce an tsince shi cikin awa 12 kafin ruwa ya taɓa shi. Ni dai ina ganin nan suka fi mu, don a gida wani sai ya jiƙa shi ya sha wai magani.

Na Zagami da kuka ambata, wanda ya faɗo ƙasar Katsina a 1962 mai kilo wajen 18, shi daban ne, daga duniyar Mas ya zo, narkakken dutse ne da ya daskare. In irinsa ko baƙi mai saurin marmashewa ya faɗo wajenku a naɗe shi a takardar alminiyom mai tsabta a miƙa sashen ilimin duwatsu na ABU.