Amsa: Injina yana yagar ciyawa maimakon ya yanke ta

Malam, tunda ka ce bakin ciyawar yana yin fari-fari kwana biyu bayan yanka, to wuƙar injin yankan ciyawar ce ta dakushe, tsinke ciyawar take yi.

Kafin ka taɓa komai, cire wayar filogi. Wuƙar nan idan ka juya ta da hannu, injin zai iya tashi, yatsa kuwa ba ya tsirowa. Ka kishingiɗar da injin ta yadda ɓangaren kafireto, wato inda fetur ke haɗuwa da iska, zai kalli sama, in ba haka ba baƙin mai zai kwarara ya jiƙa matatar iska. Toshe wuƙar da guntun katako, ka kwance notin da ke riƙe da ita da sifana.

Wajen wasawa magagari ya isa. Bi karkatar bakin da ta zo da ita, kusan digiri 30, kuma ban da mayar da ita kamar askar wanzami, siririn baki da wuri yake karyewa a kan tsakuwa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne daidaita nauyi: rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya, gefen da ya rinjaya ka ƙara goge shi. Ni na taɓa tsallake wannan, injin ya dinga karkarwa har hannuna ya yi tsami.

Bayan aikin awa 20 zuwa 25 ka sake wasawa. In ta tsage ko ta lanƙwashe kuwa, sabuwa kawai za ka saya.