Hoton da ya dace da gasar unguwarmu ta Nima a Accra, Ghana

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan irin hoton da za ka shigar a gasar hotunan unguwa, alhali waya kaɗai gare ka. Wayar ta isa, muddin ka kula da haske.

Na tabbata mutane da yawa za su kawo hoton Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, don haka shawarata ita ce ka nemi abin da ido ya saba gani har ya daina lura da shi. Ka fito bayan sallar asuba, wajen ƙarfe 6, lokacin da rana ba ta yi ƙarfi ba, ka tsaya inda mai koko da ƙosai take zuba wa 'yan makaranta, tururi yana tashi, lungu yana farkawa. Hoton tsakar rana yakan duhunta fuskoki, hazon hunturu kuwa yana tausasa launi.

Amma kada ka ɗauki kowa sai da izininsa, musamman iyayenmu mata 'yan kasuwa, domin wasunsu ba sa son a baza fuskarsu a Facebook.