Walƙiyar da nake gani kafin ciwon kai: shafar aljanu ce ko cuta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mace ce mai shekara 29, kuma kusan shekara biyu ke nan wani abu yana damuna. Ina zaune lafiyata ƙalau sai in ga wani ɗan haske a tsakiyar ganina yana ƙyalƙyali, sai ya riƙa faɗi yana zama layuka masu kama da haƙoran zarto, har ta kai idan na kalli fuskar mutum ba na ganin rabinta. Ko na rufe ido yana nan. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 sai ya wuce, sannan ɓarin kaina ya kama sarawa, ga tashin zuciya, ba na son haske ko hayaniya. An gwada idona an ce lafiyarsa lau. Daga nan 'yan gidanmu suka ce tunda ba a ga komai ba to aljanu ne, wasu suka ce sammu ne, har suna ambaton wata 'yar'uwarmu. Malam, mene ne gaskiya? In bar asibiti in koma ruƙiyya? Yaya zan yi da salla idan ya taso? Kuma ya halatta in karya azumi in sha magani? Allah ya saka da alheri.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Zan fara da abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki, wato 'yar'uwar nan da ake ambata.

Ba ya halatta gare ki, ko ga wani a gidanku, ya jingina mata sihiri saboda wannan. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku nisanci da yawa daga zato, lallai sashin zato zunubi ne." Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36: "Kada ka bi abin da ba ka da ilimi game da shi." Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da Annabi (SAW) ya lissafa, don haka wanda ya ce wance ta yi sihiri ya tuhume ta da abu mai girman gaske, kuma za a tambaye shi hujjarsa gobe ƙiyama. Mece ce hujjar a nan? An duba ido ba a ga komai ba. Shi ke nan. A kan wannan za a yanke zumunci, a ɓata sunan baiwar Allah da wataƙila tana can tana yi miki addu'a? Ki gaya musu cikin ladabi su janye maganar, wanda kuma ya riga ya yaɗa ta ya tuba ya gyara a inda ya ɓata.

Mu musulmi ba ma musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Ba ma musun sihiri, kuma Annabi (SAW) ya ce kambun baka gaskiya ne. Amma tabbatar da cewa abu yana nan daban, cewa shi ne ya sami wane ko wance daban, na biyun yana buƙatar dalili. Malamai suna da ƙa'ida: rashin samun abu ba ya nuna babu shi. Wanda ya gwada idonki ido ya duba, alhali gani ba a ido yake ƙarewa ba. Ido yana karɓar haske ne ya miƙa, inda ake ganin kuwa can ne a ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya.

Abin da kika siffanta, yadda ya faro ƙarami ya riƙa faɗi a hankali, da layukan nan masu ƙyalƙyali, da tsayawarsa ko kin rufe ido, da wucewarsa cikin rabin awa sannan ciwon ɓarin kai ya biyo, duk sananne ne a wurin likitoci. Suna kiransa "ora", wato alamar da takan riga ciwon ɓarin kai zuwa. Yakan ɗauki tsakanin minti 5 zuwa awa guda, ciwon kan kuma yakan kai daga awa 4 zuwa kwana 3 idan ba a yi magani ba. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana fama da ciwon ɓarin kai, mata sun fi maza nesa ba kusa ba, kuma kimanin ɗaya cikin uku ko huɗu na masu shi suna ganin irin abin da kike gani. Wasu ma walƙiyar kawai suke gani, kan ba ya ciwo.

An kuma san yadda yake faruwa. A shekarar 1941 wani masani ɗan Amurka mai suna Karl Lashley, wanda shi kansa yana da wannan larura, ya riƙa zana abin da yake gani yana auna saurin faɗaɗarsa, ya ƙiyasta cewa wani abu ne yake tafiya a kan ƙwaƙwalwa da saurin kimanin milimita 3 a minti guda. A 1944 kuma Aristides Leão, ɗan Brazil, ya gano a ƙwaƙwalwar zomaye wata igiya da take zaburar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannan ta bar su a lafe na ɗan lokaci, tana rarrafe da kusan wannan saurin. Inda ta zabura ki ga ƙyalƙyali, inda ta lafe ki ga gurbi babu komai, shi ya sa rabin fuskar mutum yake ɓace miki. Na kawo wannan ne don hankalinki ya kwanta, domin tsoron abin da mutum bai san sunansa ba yakan fi ciwon kansa cin rai.

Ga abin da ya fi wannan sanyaya zuciya. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ƙaho a kansa yana cikin harami saboda "shaƙiƙa" da take damunsa. Shaƙiƙa a Larabci ita ce ciwon da yake kama ɓari guda na kai. Ki duba da kyau: mafificin halitta ya yi ciwon ɓarin kai, sahabbai suka kira cutar da sunanta, shi kuma ya nemi maganin da aka sani a zamaninsa, bai jira ya fita daga harami ba. Ba wanda ya ce aljani ne, ba wanda ya waiwaya neman wanda za a zarga. Shi ne kuma ya ce, a hadisin Usama ɗan Sharik, "Ku nemi magani ya bayin Allah", ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da waraka.

Sai dai ni ba likita ba ne, kuma fatawa ba ta gwada jiki. Allah ya ce a tambayi ma'abota sani, ma'abota sani a nan kuwa likitoci ne. Ki koma, ki nemi likitan da yake duba ciwon kai da ƙwaƙwalwa, ki faɗa masa komai kamar yadda kika faɗa mini. Zai taimaka ki riƙa rubuta ranar da ya taso, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da ya gabace shi: yunwa, ƙishirwa, ƙarancin barci, damuwa, haske mai ƙarfi, ko kusantowar al'ada. Idan ya sake zuwa ki rufe ido ɗaya, sannan ki rufe ɗayan. In kina ganinsa ta kowanne a gefe guda, daga ƙwaƙwalwa yake. In ido ɗaya ne kaɗai yake duhu, wannan wata magana ce daban.

A nan ne nake son ki tsaya ki karanta sau biyu, ke da duk mai irin wannan larura, domin akwai abin da yake kama da wannan amma jinkiri a cikinsa hasara ce. Wanda gani ya ɗauke masa kwatsam a ido ɗaya, ko ya ga kamar an sauko da labule, ko ya ga tartsatsin haske tare da baƙaƙen ɗigo masu yawa suna yawo, to mai yiwuwa tantanin bayan ido ne yake yagewa ko jini ne ya toshe, kuma wannan a ranar ake zuwa asibiti. Haka wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa suka mutu, ko harshe ya yi nauyi, ko abin ya wuce awa guda bai tafi ba, ko kai ya sara masa nan take irin saran da bai taɓa ji ba, ko ya fara ganin wannan bayan ya haura shekara 50. Haka mai juna biyu da take ganin dishi-dishi ko walƙiya tare da ciwon kai, domin yana iya zama hawan jinin da yake kai wa ga jijjiga. A irin waɗannan, hukuncin da nake bayarwa shi ne zuwa asibiti wajibi ne nan take, kuma wanda ya tsare mara lafiya a gida yana ta tofi har ido ya tafi ko ɓarin jiki ya shanye, alhali yana da ikon kai shi, ya yi sakaci da amanar da za a tambaye shi. A karanta masa Alƙur'ani a hanya, ba wanda ya hana.

Wani abu da ya shafe ki a matsayinki na mace: idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, lallai ki gaya wa likita kina ganin wannan walƙiya, domin irin wadda take ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga masu ita, musamman in an haɗa da shan taba. Kada kunya ta sa ki ɓoye.

Ruƙiyya kuwa halal ce, ga ciwon jiki ma, ba sai an ce aljani ba. Annabi (SAW) ya ce babu laifi ga ruƙiyya matuƙar babu shirka a ciki. Kuma ba kya buƙatar kowa ya yi miki. Usmanu ɗan Abil As (RA) ya kai kukan wani ciwo da yake ji a jikinsa, Annabi (SAW) ya ce ya ɗora hannunsa inda yake ciwo ya ce "Bismillah" sau uku, sannan ya ce sau bakwai "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru", kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ki lazimci wannan, da Fatiha, da Falaƙi da Nasi, tare da maganinki. Abin da na hana ki shi ne zuwa wurin wanda zai ce ya duba ya gano wanda ya yi miki. Wannan bokanci ne ko da mai shi ya rataya carbi, kuma ya tabbata cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba kwana arba'in. Ƙaho ma halal ne, amma ba wajibi ba ne kuma ba ya maye gurbin ganin likita.

Salla da sauƙi. Walƙiyar ba ta karya alwala tunda hankalinki yana tare da ke. Idan lokaci da yalwa, ki jira ta wuce sannan ki yi sallarki a natse. Idan ciwon ya kama ki har lokaci zai fita, ki bi hadisin Imrana ɗan Husaini (RA): ki yi a tsaye, in ba ki iya ba a zaune, in ba ki iya ba a kwance a gefenki. Masu wannan ciwo sun san sunkuyawa tana ƙara bugawar kai, to in sujada ta gagare ki ko ta tsananta miki ciwon, ki yi nuni da kai, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Ki kashe fitila, ki rufe ido in haske yana cutar da ke, karahancin rufe ido yana faɗuwa idan akwai buƙata. Ya kuma halatta ki jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta ki kawo La'asar a farkon nata. Idan ta taso ana cikin salla kuma kina iya ƙarasawa, ki ƙarasa. Idan kina tuƙi kuwa, ki tsaya gefen hanya har ganinki ya dawo, domin ba ranki kaɗai ne a kan titi ba.

Azumi shi ne mai ɗan bayani. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Malaman mazhabar Malik sun ce shan azumi yana halatta ga wanda ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, yana zama wajibi idan ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Ciwon kai mara ƙarfi da mai azumi yake ji da yamma ba uzuri ba ne. Amma irin naki mai sa amai da kwanciya cikin duhu cuta ce ta gaske. Sai dai ki kiyaye wannan bambanci: ba ya halatta ki wayi gari ki ci abinci don kina tsammanin yau zai zo, malamai sun tsananta a kan wanda ya sha azumi don yana jiran zazzaɓin da ya saba zuwar masa tun bai zo ba. Ki kwana da niyya, ki yi sahur a ƙarshen lokaci, ki sha ruwa sosai. Idan walƙiyar ta bayyana, to cutar ta riga ta fara, ba tsammani kike yi ba. In kin sani daga abin da kika saba, ko likita amintacce ya gaya miki, cewa ciwo mai tsanani ne zai biyo kuma jinkirta magani zai sa ya ƙi jin maganin, ya halatta ki sha, ki rama rana ɗaya, babu kaffara a kanki. In kuwa walƙiyar takan wuce ba tare da ciwon da ya fi ƙarfinki ba, ki ci gaba da azuminki.

Kafin watan Ramadan ya kama, ki tambayi likitanki ko akwai maganin rigakafin da za ki riƙa sha da dare, da yadda za ki rage shayi ko kofi a hankali in kin saba da su, domin yanke su rana guda yana tayar da ciwon kai. Kada kuma ki mai da ƙwayar kashe zafi abin sha kullum, yawan shanta da kansa yana haifar da ciwon kai, kuma "babu cuta babu cutarwa" ya haɗa har da jikinki.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya gyara tsakaninku da 'yar'uwarku. Wallahu a'alam.