Kano zuwa Jidda: wai tafiya awa bakwai, dawowa awa uku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Don Allah ku warware min wani abu, zan raka mahaifiyata Umara ne, to a tikitin an rubuta za mu tashi daga Kano 10 na dare mu sauka Jidda 5 na asuba, amma a dawowa 8 na safe zuwa 11 na safe. Ya aka yi tafiya awa bakwai dawowa uku? Ko an yi kuskure ne? Hajiya tana fama da ciwon ƙafa shi ya sa hankalina bai kwanta ba.
Daga wata mai karatu, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Babu kuskuren komai, agogo ne ya rikita ki. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, kuma kowane tikiti lokacin garin da ake ciki yake rubutawa, wato biyar ɗin asubar Jidda a Kano ƙarfe uku ne na dare. Cire biyu a tafiya, ƙara biyu a dawowa, za ki ga duk awa biyar-biyar ne.

Nisan kuwa, daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kusan kilomita 3,400 ne idan an miƙe, jirgi kuma yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, to in kin haɗa da hawa da sauka da ɗan jiran layi sai ya kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi take bi, sai Sudan, sai a tsallaka Bahar Maliya. Amma fa tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma yin zagaye, shi ya sa za ki ji wani alhaji yana rantsuwa sun yi awa shida ko fiye, ba ƙarya yake ba, don haka kar ki riƙe biyar ɗin nan kamar aya.

Ni a ganina ma ba awannin sama ne ke gajiyar da tsoho ba, na ƙasa ne. Awa uku kafin tashi kuna filin jirgi, can kuma layin biza da jiran kaya, sannan motar Makka sama da awa ɗaya. Tunda naku kai tsaye ne kin yi dace, kar wani ya ruɗe ki da mai araha da ke yada zango a Addis Ababa ko Alkahira, wannan sai ku wuni a hanya.

Ki nema mata kujerar gefen hanya tun wajen awon kaya, ki ce a haɗa da keken guragu, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa in an kashe alamar ɗamara. Idan Makka za ku fara, ku yi wankanku tun daga gida don a sama ake wuce mikati, ki kasa kunne ki ji sanarwa kafin a fara sauka. Allah ya karɓi ibada.