Ƙanena, riƙe layinka, kuma kada ka sa hannu a kwantiragin waya

Saƙonka ya same ni a bas ina komowa daga aiki, sai da na isa gida na natsu sannan na sake saurarensa. Ka ce jami'ar Birmingham ta ba ka gurbin digiri na biyu. Alhamdu lillahi, Allah Ya sanya albarka. Sai tambayoyinka biyu: ko ka kai Tecno ɗinka Taminus ka sayar, tunda wani abokinka ya ce a Ingila kyauta ake ba mutum sabuwar iPhone, da kuma ko layinka na MTN zai ƙara yi maka wani amfani. Na ga gara in amsa a nan, don ba kai kaɗai ke ɗaure kaya daga Jos bana ba.

Layin nan naka kada ka kuskura ka yar da shi. Shi ke haɗe da NIN ɗinka da BVN da asusun bankinka. Ranar da za ka tura wa Hajiya kuɗin cefane daga asusunka na gida, ta kan layin nan banki zai aiko maka da lambar tabbatarwa, kuma saƙon yakan iso har nan Ingila idan layin a buɗe yake don aiki a ƙasar waje. Ka je ofishin MTN kafin ka taso ka tabbatar da hakan. Wani abin da yara ba sa lura da shi: layin da ya yi watanni ba kati, ba kira, ba saƙo, kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. To ka ga baƙo ne zai riƙa karɓar saƙonnin bankinka. Ka riƙa sa masa kati ta manhajar banki lokaci-lokaci, ka tura ko da saƙo ɗaya ne. Kada ka bar wa aboki ya riƙe maka, komai amincinku. Wayarka mai cin layi biyu ce, wannan kuwa ni'ima ce: ɗaya na gida, ɗaya na nan.

Layin Ingila kuma samunsa ba wuya. Za ka same shi a kantin bakin titi inda ake sayar da burodi da madara, ba mai tambayarka katin shaida, ba ɗaukar hoton yatsa. Manyan kamfanoni masu turakun sadarwa huɗu aka sani: EE, O2, Vodafone da Three, biyun ƙarshen ma sun haɗe a 2025. Ƙananan irin su Lebara da giffgaff da Lycamobile haya suke yi a kan turakun manyan. Lebara tana kan na Vodafone, giffgaff tana kan na O2. Wato sabis ɗin kusan ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Da fam 10 ko ƙasa da haka a wata za ka samu data mai isarka da kira ba iyaka a cikin ƙasa, kuma wata na ƙarewa kana iya tafiyarka, ba wanda ke binka ko sisi. Irin wannan nake so ka ɗauka. Wasu tsare-tsaren suna zuwa da mintocin kiran ƙasar waje. Ka duba ko Najeriya na ciki, saboda Baba da 'yar wayarsa mai tocila ba ruwansu da WhatsApp.

Yanzu ga maganar "kyauta".

Ni ma da ita aka kama ni a shekarata ta farko. Na shiga wani shago don in sayi caja kawai, wani saurayi mai fara'a ya ɗora min sabuwar waya a tafin hannu, ya ce yau ba zan biya komai ba. Na sa hannu ban karanta ba, kunya ma ta hana ni tambaya. Fam 45 duk wata har wata 24. Sai da na koma ɗaki na buga lissafi na ga fam 1,080 ne, ni da karatuna na shekara ɗaya ne. Kuɗin kuma ba kai kake kaiwa ba, su ke cirewa daga asusunka a ranar da aka tsayar, kana barci ko kana farke. Wata biyu a jere kuɗin gida bai iso da wuri ba, suka zo cira suka tarar da asusu fayau. Wasiƙa ta zo, wata ta biyo ta, har aka miƙa ni ga masu karɓar bashi. Na biya daga baya, amma tabon bai goge ba.

A nan ne ƙasar ta sha bamban da gida. A Jos idan katinka ya ƙare, ya ƙare, iyaka ka yi filashin a kira ka. A nan kwantiragin waya bashi ne, kuma akwai kamfanoni uku, Experian, Equifax da TransUnion, da aikinsu ke nan: ajiye tarihin yadda kowa ke biyan bashi. Wanda aka rubuta ya gaza biya, abin yana zama a sunansa shekara 6. Banki yana dubawa, mai ba da rancen mota yana dubawa, mai sayar da kaya a biya da kaɗan-kaɗan ma haka. Shekara uku bayan na manta da waccan wayar, gilashinta ma ya daɗe da fashewa, na nemi rance ƙarami aka hana ni saboda ita. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ni na ga wannan da idona. Kai da za ka zo ba ka da tarihin komai, ƙila ma su ƙi ba ka. Idan suka ƙi, ka gode wa Allah.

In ka daɗe, ka samu aiki, ka ga lallai kana so, to ka tambayi abu uku kafin biro ya taɓa takarda: wata nawa ne, nawa za a ƙara maka a tsakiyar yarjejeniyar, nawa za ka biya idan ka fita kafin lokaci. Tun Janairun 2025 hukumar Ofcom, wato takwarar NCC ɗinmu, ta wajabta musu faɗin ƙarin a fam da kwabo tun ranar sa hannu. Wanda ya ƙulla ta intanet ko ta waya yana da kwana 14 na fasawa. Sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba kuwa, kamar yadda muke yi a gida tun 2013, saƙo ɗaya ne: ka rubuta PAC ka tura zuwa 65075, su ba ka lambar da za ka kai wa sabon kamfanin.

Ita kanta Tecno, abin dubawa ɗaya ne. Kamfanonin nan sun yi ta kashe 3G, don haka ka tabbata tana ɗaukar 4G, kuma tana iya kira a kansa. A saitin layi za ka ga an rubuta VoLTE. Kada ka ce za ka musanya ta da irin waɗanda ake kira Landan-yus. Wayar da aka kai rahoton sace ta a nan, ana toshe lambar jikinta, wadda kake gani idan ka danna *#06#. Tana iya yin aiki lafiya lau a Farin Gada, ka dawo da ita garinsu ta ƙi kama sabis. Cajarka mai ƙafa uku za ta shiga soket ɗin nan daidai. A makaranta akwai intanet kyauta mai suna eduroam, ɗakunan ɗalibai ma galibi da nasu, shi ya sa ba ka buƙatar data mai yawa.

Bizarka ma yanzu a intanet take, kuma duk shigar da za ka yi asusunta na intanet sai an turo maka lamba ta waya ko imel, don haka da ka samu layin Ingila ka sabunta bayananka. Duk wanda ya kira ka ya ce daga ofishin shige da fice yake, ka biya tara nan take ko a kore ka, ɓarawo ne, ka kashe wayarka. Lambar neman agajin gaggawa 999 ce.

Yau da dare ka ɗauki hoton saitin layin wayarka ka turo min in gani. Ka gaida Hajiya da Baba, ka ce ina nan kira ranar Juma'a. Ka taho min da yaji da kuka. Kilishi kam bar shi a gida, ba a shigowa da nama.