Na bar aikin albashi, nawa zan riƙa ware wa haraji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, na yi shekara biyar ina aiki a wani kamfani, wata huɗu kenan da na ajiye na koma haɗa wa mutane sola da kaina. Da can daga albashi ake cire min haraji ban ma san nawa ba ne, yanzu kuma kuɗi yau akwai gobe babu, dan Allah ya zan yi kar abin ya zo min a ba-zata?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa wa sana'ar albarka. Wallahi na ji daɗi da ka tambaya tun yanzu, don da yawa sai ranar da aka nemi takardar shaidar biyan haraji kafin a ba su kwangila suke fara rawar jiki.

Toh ka fara riƙe wannan, riba ake yi wa haraji ba ciniki ba. Idan kwastoma ya turo maka miliyan 2 ka je Sabon Gari ka kwaso fanel da batir da inbata da waya, ka biya yaran da suka hau rufin kwano, ka biya mai adaidaita, abin da ya rage a hannunka shi ne naka kuma shi za a lissafa, shi ya sa duk rasit ka adana, ko hotonsa ka ɗauka a waya tun a bakin shago kafin gumi ya cinye rubutun a aljihu.

Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026 ta ce naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 cikin ɗari, sama da haka har miliyan 12 kashi 18. Misali ribarka dubu 200 ce a wata, miliyan 2.4 kenan a shekara, cire dubu 800 saura miliyan 1.6, harajinka dubu 240. Ka ga ɗaya bisa goma kenan. In haya kake zaune ma akwai rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar, iyakarsa dubu 500, daga ribar ake cire shi kafin a lissafa harajin.

Shawarata, buɗe asusu daban wanda ba shi da katin ATM, duk ranar da ka gama aiki ka tura ɗaya bisa goma na ribar can a ranar, kar ka ce sai ƙarshen wata. Kar ka zuba shi a adashi, kar ka saro batir da shi kana cewa za ka mayar. Ƙarshen Maris ake miƙa bayanin shekarar da ta wuce ga hukumar tara haraji ta jiha, naku KIRS, kuma shekarun nan azumi da ɗinkin ƙaramar salla dab da lokacin suke faɗowa, aljihu a bushe.

Zakka kuma lissafinta daban ne, wannan ka zauna da malaminka.