Tambaya da Amsa: Yara sun ce a hana ɗaukar Eddy a gasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon gem a Tudun Wada, nan Kaduna. Muna shirin gasar gem ɗin faɗa na Tekken 7 bayan Sallah, sai yara suka tubure wai a hana ɗaukar Eddy Gordo, don ko wanda bai iya komai ba, in ya yi ta danna X da O sai ya cinye mutum. Yaya ake gane jarumi ya fi ƙarfin sauran da gaske?
Mai shagon gem, Tudun Wada

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka hana Eddy. Wannan kukan ya girmi yaran shagonka, tun fitowarsa a Tekken 3 a 1997 ake yin sa.

Jarumi mai ban haushi daban, wanda ya fi ƙarfin wasa daban. Abin da nake fara tambaya game da kowane jarumi shi ne, me ya rasa a madadin abin da aka ba shi? Dubi Street Fighter II na 1991. Dhalsim yana miƙa hannu da ƙafa daga can nesa ya doke ka, amma nauyin jiki gare shi, in aka matse shi a lungu ya shiga uku. Zangief kuwa kamu ɗaya zai yi maka jininka ya zube sosai, sai dai ba shi da abin jifa, kafin ya iso gare ka ya sha duka. Kowannensu ba mai kama da shi, kuma kowanne da ƙofar da ake shigar masa. Kamar ɗan dambe ne, hannu ɗaya ake ɗaure masa ya kai naushi, ɗayan na kariya ne. Jarumin da aka ɗaure wa hannu biyu duka don naushi shi ne abin tsoro.

To Eddy fa? Salonsa kafuwera ne na ƙasar Brazil, yana juyi, ya tsaya da hannu, ya zauna ƙasa ya share maka ƙafa. Sabon ɗan wasa ba ya gane ko dukan sama ne ko na ƙasa, sai ya tsaya ƙiƙam yana tare sama ana cin ƙafarsa. Wanda ya san shi durƙusawa yake yi ya tare, ya rama kafin Eddy ya miƙe. A Tekken daƙiƙa ɗaya hoto 60 ce, naushin gaggawa na yawancin jarumai yana sauka a hoto na 10. Duk dukan da, in an tare shi, yake barin mai shi a buɗe na hoto 10 ko fiye, akwai ramuwa a kansa. Eddy yana da irin waɗannan da yawa, yaranka dai ba su zauna sun koye su ba.

Ga yadda rashin daidaito na gaske yake. A ƙarshen 2019 kamfanin Bandai Namco, mai yin Tekken, ya ƙara sabon jarumi Leroy Smith a Tekken 7. Yana da kariya mai mayar da duka, yana da matsin lamba, dukansa na da nauyi, kuma ba shi da wuyar sarrafawa. A gasar Evo Japan ta Janairun 2020, cikin mutum 8 da suka kai matakin ƙarshe, 6 Leroy suka riƙe, har da wanda ya ɗauki kofin. Ƙwararru da suka shekara da nasu jaruman suka ajiye su suka koma kansa. Ba a jima ba kamfanin ya rage masa ƙarfi. Wannan ce alamar da nake yarda da ita: gwanaye su guje wa nasu saboda mutum ɗaya.

Ka yi wannan gwajin a shagonka ranar da ba cunkoso. Zaɓi yara biyu da suka fi kowa iyawa, ɗaya ya ɗauki Eddy, ɗaya nasa na kullum, su yi zagaye goma. Sai su yi musaya. In nasara ta bi Eddy duk hannun da ya shiga, a sake zama. In ta bi yaron, an gama magana. Ni na fi zaton na biyun. Sannan ka buɗe musu wurin atisaye na cikin gem ɗin, ka sa Eddy ya riƙa maimaita sharar ƙafar nan, su yi ta tarewa har hannu ya saba. Ina jin takaici in na ga yaro mai basira ya bar wasa saboda duka ɗaya da ba wanda ya nuna masa maganinsa.

A ranar gasa, tabbatar duk na'urorin suna kan sabuntawa iri ɗaya, don tsohon Leroy da na yanzu ba ɗaya ba ne. Ka kuma ɗauki dokar manyan gasa: wanda ya ci zai ci gaba da jaruminsa, wanda aka ci yana da damar canza nasa a karawa ta gaba.